Ƙwayoyin firosesa na kan kashi 100, fakiti kuma na zubewa: ina lokacin ke tafiya?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet nan Ikeja. Muna da saba (babbar kwamfutar hidima) mai katin sadarwa na 10G da ke tace fakiti (gutsattsarin bayanan da ke yawo a intanet) da DPDK (manhajar sarrafa fakiti da sauri) kafin su wuce wurin kwastomomi. Da rana lafiya lau. Da an idar da isha'i mutane sun hau kallon bidiyo, sai katin ya fara zubar da fakiti, lambar imissed (mai ƙirga fakitin da katin ya zubar) ta yi ta hawa. Na duba top (umarnin da ke nuna yawan aikin firosesa), ƙwayoyin firosesa huɗun da na ware duk suna kan kashi 100, to amma ko da asuba haka suke, tunda DPDK leƙa katin take yi ba ji ba gani, ko da kaya ko babu.

So nake in riƙa karanta maƙirgan cikin firosesa daga manhajar tamu, in san bugun agogon firosesa nawa kowane fakiti ke ci, da sau nawa ake neman bayani a kash (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) a rasa. Na gwada perf record (kayan auna aikin firosesa na Linux), zubewar ma ƙaruwa ta yi. Maigida ya ce a sayo sabuwar saba. Da tsadar dalar nan, ba na son a zuba kuɗi ba mu san ciwon ba.

Injiniyan Obalende:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafi. A layin 10G, in fakitin mai bait 64 ne, miliyan 14.88 ke shigowa a daƙiƙa, wato nanosakan 67 kowanne. Firosesa mai 3GHz bugu wajen 200 ke nan gare shi. Neman bayani guda da ya wuce kash ya kai RAM kan iya lamushe wannan duka.

perf record katse ƙwayar yake yi don ya ɗauki samfuri, alhali kai ka ware ta ne don kada kowa ya taɓa ta. Ka kira perf_event_open (mai buɗe maƙirgi) sau ɗaya a kowane zaren aiki (thread) lokacin tashin manhajar, ka yi mmap na shafin farko (wato ka jawo shafin bayanan maƙirgin cikin manhajarka), daga nan ka riƙa karantawa da umarnin rdpmc mai karanta maƙirgin kai tsaye. Ba sai ka shiga kanel (zuciyar Linux) ba, bugu 'yan gomomi ne kawai. Tabbatar fayil ɗin rdpmc da ke /sys/bus/event_source/devices/cpu/ ba sifili ba ne, ka kuma duba perf_event_paranoid (saitin izinin amfani da maƙirgan).

Ga inda mutane ke faɗawa rami: ka karanta kafin rte_eth_rx_burst (kiran da ke ɗauko fakiti daga katin), ka sake karantawa bayan an gama aiki, amma kada ka tara sakamakon sai in an samu fakiti. Zagayen da ya dawo hannu rabbana yana ba da IPC (yawan umarnin da ake kammalawa a kowane bugu) mai kyau ƙwarai, in ka haɗa shi da na aiki sai ka ga komai tsaf alhali ana asara.

Maman Ikram:
Yaya Injiniya, lissafinka daidai ne, sai dai ban yarda yawan fakiti ne matsalarsa ba. Ya ce bidiyo. Fakitin bidiyo manya ne, bait 1500, kuma da irinsu layin 10G bai kai miliyan ɗaya a daƙiƙa ba. Ƙwaya huɗu ai ta fi ƙarfin wannan. Abin da ke kumbura da daddare teburin haɗi ne: kowace waya ta buɗe haɗi da dama, teburin ya fi ƙarfin kash na L3 (kash na ƙarshe kafin RAM), kowane bincike sai ya je RAM. Ni da rashin samu a L3 da na dTLB (kash ɗin adireshin bayanai) zan fara, in raba da yawan fakiti, in kwatanta na asuba da na dare. Malam, ka kuma duba ko katin da ƙwayoyin suna kan soket (mazaunin firosesa) ɗaya. In saba mai firosesa biyu ce, tsallaka NUMA, wato tsallakawa daga wannan soket zuwa wancan, kaɗai ya isa.

Bakatsine a Mile 12:
Kada ka zari abubuwan ƙirgawa da yawa lokaci guda. Tsofaffin Xeon ɗin da muke samowa na hannu a Computer Village, in an kunna Hyper-Threading (zare biyu a ƙwaya ɗaya) maƙirga huɗu kowane zare ke da su, sai uku kafaffu. Ka wuce haka, kanel zai riƙa yi musu karɓa-karɓa, lambobin su koma kintace. nmi_watchdog (mai gadin da ke lura ko ƙwaya ta maƙale) ma yana riƙe da ɗaya, ka kashe shi.

Sannan don Allah ka haɗa cycles (bugun da ƙwayar ta yi a zahiri) da ref-cycles (bugu a tsayayyen gudu). Nan Legas ne. A wurinmu in an ɗauke wuta aka koma janareta, ba duk na'urorin sanyaya ɗaki ake kunnawa ba, firosesa ya ɗau zafi ya rage gudu da kansa. In cycles ya faɗi ƙasa da ref-cycles da daddare, zafi ne, ba manhajarku ba.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba numa_node na katin: yana soket 1, ƙwayoyina biyu kuma suna soket 0. Yau zan mai da su, in sa rdpmc ɗin ya kwana yana tarawa. Yaya Injiniya, tambaya ɗaya: a shafin mmap ɗin akwai lock da index da offset. Dole ne in duba lock a kowane karatu, ko tunda ƙwayar a ware take zan iya tsallake shi?