Kuɗin tiken kasuwa da muke biya kullum, ina yake shiga ne?

Mai_Albasa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni albasa nake saye ina sayarwa, bana shekara 11 ke nan a rumfa ɗaya, ba zan faɗi sunan kasuwar ba don kar a ce da wani nake. Kullum da hantsi yaron meri, wato ofishin magajin gari a nan Kamaru, zai zo da ɗan littafinsa ya yago min tike in ba shi dala ashirin, wato sefa 100, wata rana ma ya karɓi kuɗin ya ce tike ya ƙare sai gobe, goben da ba ta zuwa. Ga lanfo, wato haraji, daban. To daminar da ta wuce ruwan dare ɗaya ya cika lambatun bayan rumfarmu ya shigo ciki, da safe na tarar da buhu 7 a jiƙe, kwana uku suka fara wari, haka na zubar da su ina kallo. Ni tambayata biyu ce. Meri daga ina take samun kuɗi in ban da namu? Kuma me gari zai iya yi da kansa don sana'a ta motsa, ba sai an jira Yawunde ba?

Tsohon_Sakatare:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗana. Na yi aiki a wata ƙaramar meri har na yi ritaya, bari in gaya maka abin da na sani.

Tikenka yana cikin kuɗin da komin, wato ƙaramar hukuma, ke tarawa da hannunta, shi da hayar shaguna, kuɗin tashar mota, na mahauta, na karar shanu, takardar izinin gini da sauransu. Amma a yawancin ƙananan komin wannan ba shi ne babban ba. Babban shi ne wanda ake kira santim adisiyonel, kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu harajin gwamnati kamar TVA, harajin da ke kan kayan saye, a tara a raba wa komin 360 na ƙasar, kuma FEICOM ce ke tsakiyar rabon. Ita FEICOM tun 1974 aka kafa ta, bankin komin ake ce mata, in meri ta kai dosiye mai kyau na gina kasuwa ko tasha ko burtsatse tana iya ba da kuɗi, wani kyauta wani bashi. Sai dokar 24 ga Disamba 2019 da ta ce abin da gwamnati za ta ware wa komin da rijiyo, wato jihohi, kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. A takarda ke nan. Magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da ke isowa bai kai haka ba, kuma yana zuwa a makare, kafin ya zo albashin ma'aikata da man mota da bashin 'yan kwangila sun riga sun buɗe baki suna jira.

Akwai kuma kuɗin waje. Garwa ta samu na C2D, bashin Faransa da aka juya ya zama aiki, da shi aka yi tituna da magudanan ruwa da wasu kasuwanni, daga baya aka sa Marwa a ciki. Amma irin wannan sau ɗaya yake zuwa, gyaran lambatun bayan shekara biyar kuma sai da kuɗin tikenka.

Hajiya_Marwa:
Baba sakatare mun gode, amma ni wallahi abin da ke ci min rai ba yawan kuɗin ba ne, abin da ake zaɓa a yi da ɗan wanda ya samu ne. A gina ƙofar gari mai fenti, a sayi kujerun biki, alhali ga albasa nan. Kowa ya san yadda take, lokacin cira daga Fabrairu zuwa Afrilu ta cika kasuwa har manomi ya rasa mai saye ya bayar a wulaƙance saboda ba shi da wurin ajiya kuma mai bashi na bakin ƙofa, sai damina ta yi nisa kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa, lokacin kuwa tana hannun masu kamiyo da ke kai ta Duwala da Yawunde har Gabon. Ribar can take kwana. Rumbun albasa fa ba wani abin a zo a gani ba ne, rufi mai tsawo, bango mai ramukan iska, katako a ɗaga daga ƙasa, a shanya ta ba a cusa a buhu ba. In meri ta gina guda goma ta ba da haya a kan kowane buhu, manomi ya ci riba, ita ma ta samu kuɗin shiga duk shekara ba tare da ta bi kowa da sanda ba. Haka masu kilishi da dukawanmu na nan Marwa, wuri mai tsafta da ruwa kawai suke nema. Mu mata da adashinmu muna iya kama rumbu ɗaya mu biya, a gwada mu mana.

Dan_Kusiri:
Hajiya kin yi gaskiya amma tukunya mai huda ko kogin Logon kika juye mata ba ta cika. A fara toshe hudar. Yau har tsohuwa mai ƙosai tana karɓar Orange Money ko MoMo, me zai hana tike ya koma waya, ka biya saƙo ya shigo maka shi ne resinka, kuɗin ya faɗa asusun komin kai tsaye, ba littafin da zai ƙare. Mu nan Kusiri duk kayan da ke hawa gadar Ngeli zuwa Njamena ta gabanmu suke wucewa, kamiyo su kwana a bakin hanya, da akwai fakin mai katanga da fitila da banɗaki da wurin masu abinci direba da kansa zai biya yana murna. Mu 'yan kilando, masu haya da babur, ma muna biya, amma ko inuwar tsayawa ba mu da ita. Kuma me ya sa gari ba zai ci babban bashi ya yi aikin gaba ɗaya ba, ya riƙa biya a hankali?

Tsohon_Sakatare:
Ɗan Kusiri a yi hattara da bashi. Birnin Dakar da girmansa ya shirya sayar da takardun bashi na sefa biliyan 20 a 2015 don gina wa 'yan tireda kasuwa, ana dab da farawa gwamnatin Senegal ta taka birki. Komin ba ta cin bashi yadda ta ga dama, sai na sama sun sa hannu, kuma mai ba da bashi littafin kuɗin shigarka zai fara dubawa, ka ga mun dawo kan hudar taka. Batun waya na yarda, sai dai ka sani masu cin moriyar littafin ba yaron da ke yawo a rana ba ne kaɗai, shi ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

Hajiya kuma, rumbunki zai yi aiki in an raba shi a fili. Na ga kasuwar da aka gina shaguna masu kyau, kafin a buɗe an rabar da makullai ga masu uwa a gindin murhu, su kuma suka ba 'yan kasuwa haya ninki uku, masu tumatir suka koma bakin titi inda suke tun farko. Bashin ginin kuwa yana wuyan komin.

Abin da mutane ba su sani ba, zaman konseye, wato majalisar meri, a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna ya saurara, kuma doka ta ba mazaunin komin damar neman a nuna masa bidje, wato kasafin kuɗi, da lissafin abin da aka kashe. Duk shekarun da na yi, ban ga ɗan kasuwa ko ɗaya ya zo ya tambaya ba.

Mai_Albasa:
Ikon Allah, ni duk zatona sai mai kati ake bari ya shiga. Na yi magana da sarkin kasuwarmu ɗazu bayan la'asar, ya ce mu haɗa tikitin wata guda na layinmu, rumfa 40 ne, mu lissafa mu je da shi a hannu mu nemi a yashe lambatun kafin ruwan Yuni, batun rumbu kuma mu shigar da shi a rubuce. Matsalar rabinmu ba ma ajiye tiken, ni kaina nawa a ciki nake ƙulle canji. Baba, takardar da Faransanci dole za a rubuta ta, kuma wa ake miƙa wa, magajin gari ko sakatare janar?