Neman kalma: me za mu kira picketing a shirin ƙwadago na gobe?

Mai Shirin Ƙwadago: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 na safe za mu ɗauki shiri kan hanyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago ke bi su matsa lamba, ga shi na maƙale a kan kalmar Turanci picketing, wato tsayuwar da 'yan ƙwadago ke yi a bakin ƙofar wurin aiki don kada a shiga. Misalin da za mu kafa shirin a kai shi ne na 13 ga Mayu 2024, ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwadagon Najeriya, NLC da TUC, suka dira ofisoshin hukumar kula da wutar lantarki ta NERC da na kamfanonin rarraba wuta, bayan an kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta fiye da kowa, naira 225 kowane yunit. Ina neman suna, da aikatau, da sunan masu yi, da yadda za a ce wani ya ratsa su ya shiga aiki. Yajin aiki ba zai yi ba, tunda ranar ba yaji aka kira ba.

Ɗan Fagge: Zaman dirshan mana, Hajiya. Kowa ya san shi.

Tsohon Sakataren Reshe: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, ƙanena. Mai zaman dirshan da mai wurin yake magana: ba zan tashi ba sai ka biya mini buƙata. Mai zanga-zanga yana tafiya ne, da jama'ar gari da hukuma yake magana. Shi wannan a bakin ƙofa yake tsaye, kuma da wanda zai shiga yake magana: abokin aikin da bai bi yaji ba, direban da ya kawo kaya, mai zuwa biyan kuɗi. Shi ya sa ake isa wurin tun kafin canjin aiki na safe. In masu aikin safe na shiga ƙarfe 7, ku a same ku ƙarfe 6. Ana fara ƙirga ƙofofi tun jajibiri, don yawancin faɗuwar abin daga ƙofar baya take, ko ƙaramar ƙofar masu gadi da aka manta. Kowace ƙofa da shugabanta, da masu kula da tsari sanye da riga mai alama, mutum ɗaya tak ke magana da 'yan sanda da 'yan jarida, kuma ana karɓa-karɓa, don wanda ya tsaya a rana tun safe ba ruwa shi ne zai fara zagi da azahar. Kalmar da ba ƙofa a cikinta ba ta kama abin ba. Ni tsayuwar ƙofa zan ce.

'Yar Maraɗi: Na goyi bayan Kwamared kan zaman dirshan. A Nijar kalmar ta riga ta sami mazauni: ita aka yi ta faɗa a 2023 lokacin da jama'a suka yada zango a shataletalen Escadrille na Yamai suna neman sojojin Faransa su fice. 'Yan sandika kuwa, wato 'yan ƙungiyoyin ƙwadagonmu, da Faransanci suke kiran wannan abin, piquet de grève, kuma asalin kalmar a Faransancin da Ingilishin duka icen da ake kafawa ne a ƙasa. To me zai hana a ce turken yaji?

Ɗan Fagge: Turke sai ka ce akuya aka ɗaure. Ma'aikata ba za su yafe miki ba.

Malamin Nahawu: Duk kuna kewaye, alhali kalmar na nan tun kaka da kakanni. Daga. A ja daga. Layin da mayaƙa ke tsayawa su ce ba mai wucewa, shi ne daga. Suna: jan daga. Aikatau: sun ja daga a ƙofar kamfani. Masu yi: 'yan daga. Wanda ya ratsa: ya keta daga. Buƙatu huɗu na Hajiya, kalma ɗaya ta biya su. Tsayuwar ƙofa kuwa bayani ne, ba kalma ba, kuma almajiri ma tsayuwar ƙofa yake yi.

Barista: Malam, kalmarka ta yi daɗi a baki, amma za ta iya jawo wa ƙungiya wahala. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta halatta abin ne da sharaɗi: a je kusa da wurin aiki cikin lumana, don isar da bayani ko karɓarsa, ko don lallashin mutum ya yi aiki ko ya bari. Gyaran da aka yi wa dokar a 2005, zamanin Obasanjo, ya ƙara ɗaure shi: ba a tilasta wa wanda ba ɗan ƙungiya ba shiga yaji, ba a tare babbar hanya ko harabar wata ma'aikata, ba a hana jirgin sama tashi. To lauyan kamfani da zai tafi Kotun Ma'aikata neman umarnin hani, abin da yake tarawa shi ne shaidar cewa ba lallashi aka zo yi ba: hoton kwaɗo a ƙofa, bidiyon an ture wani, da kalaman shugabanni. In sakatare ya fito rediyo ya ce gobe za mu ja daga, ya miƙa masa shaida kyauta.

Mai Shirin Ƙwadago: Barista, to ai abin da mutane suka gani ranar 13 ga Mayu a wurare da yawa shi ne an rufe ƙofa an hana shiga. Shi ya sa wasu rahotanni suka ce an mamaye, wasu suka ce an rufe.

Barista: Nan gizo ke saƙar. Abin da doka ta kira picketing daban, abin da aka saba yi a ƙasar nan daban, kuma Turancin jaridunmu ya haɗe su a kalma ɗaya. Kada Hausa ta gaji wannan ruɗanin. In an sa kwaɗo, ki ce an garƙame. In an shiga ciki an zauna, ki ce an mamaye. Sannan ki yi hattara da "rufe ma'aikata" kawai, domin akwai rufewar da mai kamfani ke yi da kansa ya hana ma'aikata shiga don ya karya su, ita ma dokar rikicin ƙwadago ta 1976 ta san da ita. Mai sauraro na buƙatar ya san hannun wa ke riƙe da makulli.

Malamin Nahawu: Wato yanzu lauyan kamfani ne zai zaɓar wa Bahaushe kalma? Yaji fa daga ɗakin aure aka ɗauko shi, matar da ta yi fushi ta tafi gidansu, kuma ba wanda ya ce ma'aikata sun zama matan gwamnati. Gwagwarmaya ma kokawa ce. 'Yan jam'iyyar NEPU tun 1950 da Hausa tsantsa suka yi wa talaka magana, ba su jira izinin kowa ba. Matsalar 'yan rediyon yanzu ke nan, a kwashi Turanci a juye shi da gaggawa, ba a tambayar masana. Jiya na ji wani yana cewa fiketin, ko kunya babu.

Mai Shirin Ƙwadago: Allah ya ba Malam haƙuri, ai ga shi muna tambaya. Amma kalmomi nawa masana suka ƙirƙira suka kwanta a cikin littafi? Mafi ƙarancin albashi a bakin 'yan jarida ya yaɗu, daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, har mai shayi ya san shi.

Ɗan Fagge: Kuma Malam kana rubuta wannan da waya, ta intanet. Fiketin ɗin me ya yi?

Malamin Nahawu: Yaro, aro inda babu halal ne. Aro alhali akwai a rumbu, lalaci ne.

'Yar Maraɗi: Ni damuwata da daga a rubuce take. "Sun dawo daga daga." Ga kuma ɗaga, ga masu rubutu a waya da ba sa sa ƙugiya. Sanarwar ƙungiya a Facebook da WhatsApp take yawo kafin ta kai rediyo. Sannan a riƙa tunawa ba Kano kaɗai ake sauraron Hausa ba.

Tsohon Sakataren Reshe: Mu koma kan aiki, lokaci na tafiya. Malam yana da gaskiya a abu ɗaya: akwai layi, kuma ketare shi babban abu ne a al'adar ƙwadago. A Birtaniya, lokacin yajin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, ana ɗaukar ma'aikata a mota daga wannan mahaƙa zuwa waccan su tsaya a ƙofa, har aka yi arangamar Orgreave da 'yan sanda ranar 18 ga Yuni 1984. Ƙa'idar gwamnatinsu ta ce kada masu tsayuwa su wuce shida a ƙofa ɗaya. Mutum shida ba sa tare ƙofar masana'anta da ƙarfi. Kunyar ratsa su ce ke mayar da direba. To kalmar da muke nema ta tsayawa ƙyam ce, ba ta faɗa ba. Me za ku ce da ja tunga? Wanda ya ja tunga ya tsaya ne ya ƙi gaba ya ƙi baya, bai kai wa kowa hannu ba.

Barista: Wannan zan iya kare ta a gaban alƙali. "Ma'aikata sun ja tunga a ƙofar kamfani." Ba barazana a ciki.

'Yar Maraɗi: Aikatau ɗin ya zauna. Sunan ne matsala. Tungar ma'aikata a kunnen mutumin Kabi ko Dosso sunan ƙauye ne, zai tambaye ki a wace gunduma take.

Malamin Nahawu: Tunga ƙanwar daga ce, kun dai ƙi babba kun ɗauki ƙarama don tsoro. Kuma 'yan tunga ba ya faɗuwa a baki yadda 'yan daga ke yi. Ku gwada ku ji.

Tsohon Sakataren Reshe: Ba sai an ce 'yan tunga ba, masu jan tunga ya wadatar. Wanda ya ratsa kuma muna da sunansa tuntuni, mai karya yaji. Sai dai Hajiya ki kula, ranar da ba yaji aka kira ba, kamar misalinki, ba za ki kira ma'aikacin kamfanin wuta da ya zo aiki mai karya yaji ba. Ki ce ya ratsa masu jan tunga ya shiga.

Mai Shirin Ƙwadago: To ga abin da zan rubuta. A farkon shiri sau ɗaya: jan tunga a ƙofar ma'aikata, wato 'yan ƙwadago su tsaya a bakin ƙofa suna lallashin mutane kada su shiga. Daga nan sai "sun ja tunga" da "masu jan tunga". Inda aka sa kwaɗo zan ce garƙamewa, in kuma faɗi wanda ya sa. Suna guda mai zaman kansa dai ba mu samu ba, zan kauce masa a jimla. Na gode ƙwarai.

Malamin Nahawu: Ki yi yadda kika ga dama, shirinki ne. Ni a aji jan daga zan koyar.

Ɗan Fagge: Saura go-slow, wato ma'aikata su rage saurin aiki da gangan, irin wanda masu haƙar kwal na Enugu suke yi a 1949 kafin a harbe 21 daga cikinsu. Kada wani ya ce mini cunkoson motoci.

Barista: Jan ƙafa a aiki. Amma buɗe masa nasa zaren, Hajiya na da rubutun da za ta gama.