Zangon kusa da gari ko na cikin duwatsu?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum jama'a. Maganar fitar ƙarshen mako da muka fara a ƙofar masallaci, ga ra'ayina ƙarara. Wanda ke zaune a Denver ko Aurora, kuma kwana biyu kawai gare shi, wahalar banza ce ya ja motar nan mai ɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV, ya nufi cikin duwatsu. Cherry Creek, wurin shaƙatawar nan na kusa da gari, ta ishe mu. Tana kan Parker Road, titi ɗaya da Masallacin Abu Bakr. Ka idar da Juma'a, kafin La'asar ka kafa zango. Ana jona wa mota wuta da ruwa, har da bututun zubar da ƙazanta, ga tafki yara su sha iska.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Wurin da kana zaune kana jin motocin babban titin I-225, ai ba ka bar gari ba, gado kawai ka canja. Khalifa a nan aka haife shi, kullum yana hango duwatsun nan ta tagar ɗakinsa. Sai da muka kwana a Glacier Basin, cikin gandun Rocky Mountain, ya ga taurari yadda muke ganinsu a tsakar gida a Funtuwa idan an ɗauke wuta. Ya fito da bargo a ka, ya ɗaga kai, ya daɗe bai ce uffan ba. Da asuba kuma ga manyan barewar nan da ake kira elk suna kiwo a fili. Abin da nake kashe kuɗin hayar mota dominsa ke nan.

Baban Hafsat: Hajiya, ki faɗa musu sauran. Glacier Basin ba a jona wuta, ba a jona ruwa a jikin mota. Abin da ka zo da shi a tanki shi ne naka, kuma mu masu alwala sau biyar ne, ga wanke-wanke. Janareta ma sa'o'i ƙalilan aka yarda a kunna.

Maman Khalifa: Akwai famfo a zangon. Buta biyu da jarka muka yi ta ɗiba, babu wanda ya rasa alwala. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kama wurin. Ana buɗewa a Recreation.gov tun saura wata 6, wuraren Yuli kuwa nan da nan suke ƙarewa. Wannan na yarda.

Malam Nura: Ni direban babbar mota ne, hanya zan yi magana a kai. Estes Park, garin da ke bakin gandun Rocky Mountain, kusan awa ɗaya da rabi ce daga Denver, wannan da sauƙi. Amma wanda ya ce zai hau I-70, babban titin da ke ratsa duwatsu, ranar Juma'a da yamma ya shirya wa cunkoso, haka kuma Lahadi da rana wajen dawowa. Hanyar ƙarƙashin dutse ta Eisenhower tana can sama, kusan mita 3,400 daga matakin teku. Hawa ba ya ba ni tsoro, gangara ce abin tsoro. Wanda bai saba ba sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Na taɓa tsayawa wa wani bawan Allah da iyalinsa a gefen hanya, hayaƙi na fita daga tayoyin gaba, warin ƙuna ya cika wurin, matarsa riƙe da jariri tana salati. Don Allah a sauke giya tun kafin gangarar ta fara, injin ya riƙe motar.

Yaya Binta: Akwai abin da ba ku taɓo ba, shi ne jikin mutum. Denver kanta mita 1,609 ce daga matakin teku, mun saba. Daga mita 2,500 zuwa sama iska takan yi ƙaranci. Bara Inna ta zo mana daga Maraɗi, kwana uku da saukarta muka kai ta wani zango can sama. Tsakar dare ta tashe ni, kai na sara mata, tana haki kamar ta yi gudu, ga tashin zuciya. Kafin gari ya waye mun gangaro da ita, muna sauka ta samu kanta. Idan da tsoho ko baƙo a tafiyar, ina bayan Alhaji. Cherry Creek ko Chatfield da ke Littleton, shi ke nan.

Maman Khalifa: Allah ya ƙara wa Inna lafiya, Yaya. Amma wannan hukuncin baƙo ne. Alhaji cewa ya yi kowa da kowa.

Malam Nura: Akwai gandun Golden Gate Canyon, ku duba. Zangon Reverend's Ridge yana da wuraren jona wuta, kuma ana shiga ta hanyar 119 ba sai an daɗe a I-70 ba. Daji ne sosai. Sai dai ya haura mita 2,700, don haka maganar Yaya Binta tana nan. Ko a Yuli dare da sanyi.

Baban Hafsat: To tsiren fa? Rabin daɗin fitar nan gashin nama ne a kan gawayi. Da rani idan fari ya yi tsanani hukuma takan hana kunna itace da gawayi a dazukan can.

Maman Khalifa: Kuma da gaskiyarsu. Kun manta 2020? Gobarar Cameron Peak da ta East Troublesome duk sun shiga gandun Rocky Mountain, har aka kwashe mutanen Estes Park a watan Oktoba. A lokacin hayaƙi har Denver. Ni ina tafiya da murhun gas, in duba sanarwar yankin kafin mu tashi. Wake ne kawai ba na ɗauka ɗanye, don ruwa yana tafasa da wuri a can sama, abinci ya ƙi nuna. Daga gida nake dafa shi. Kilishi da man shanu kuwa ba a barinsu a waje, dabbar dajin nan beyar na jin ƙamshi daga nesa.

Baban Hafsat: Kin ga duk wannan shirin don dare biyu. Ni dai Litinin ƙarfe shida ina wurin aiki, ba na son in dawo a gajiye fiye da yadda na tafi. Idan hutun kwana uku ne, kamar na Labor Day a farkon Satumba, zan bi ku Reverend's Ridge in gani da idona. Na wannan makon kuwa na riga na kama wuri a Cherry Creek.

Yaya Binta: Ka duba mana ko na kusa da kai babu kowa, Alhaji. Inna tana nan har ƙarshen wata.

Maman Khalifa: Mu mun samu Asabar ɗaya a Glacier Basin, wani ne ya fasa. Malam Nura, don Allah ka turo wa Baban Khalifa bayanin giyar nan dalla-dalla, shi zai tuƙa.