Ƙanina na so ya shiga sojan ko-ta-kwana a nan Legas, dan Allah a ba ni shawara

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara musamman wajen waɗanda suka san harkar kaki. Ina da ƙani ɗan shekara 21, da acaɓa yake yi, tunda aka hana okada a su Ikeja da Surulere da Apapa a 2022 ya dawo wajena kasuwa yana taya ni sauke buhu amma wallahi hankalinsa ba ya kan albasa, shi dai soja. To yanzu wani ya same shi a Agege wai suna da ƙungiyar sa-kai, za a yi musu horon sati uku a ba su kaki da but da katin shaida, ran Asabar kawai za su riƙa fita fareti sauran ranaku kowa ya kama sana'arsa, wai su ne sojan ko-ta-kwana kuma in gwamnati ta tashi ɗaukar soja da su za a fara. Kuɗin fom da kaki dubu 85. Na ga hoton a wayarsa, kakin ya yi kama da na soja amma ba sak ba. Hajiyarmu na can gida ta ce ni ne ubansa in yanke. In biya ko kar in biya?

Tsohon Soja, Apapa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ba da ko sisi. Ni na sa kakin nan na cire, yanzu gadi nake yi, kuma ina gaya maka ƙofar shiga soja a ƙasar nan sananniya ce. Kurtu ya bi ta Dafo na Zariya ya sha wajen wata shida, mai digiri ya nemi DSSC, wato tsarin ɗaukar masu digiri kai tsaye su zama hafsoshi, mai son zama hafsa tun daga tushe ya tafi NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Fom ɗin kurtu kyauta ne a shafin rundunar soja na intanet. Abin da doka ta sani da ko-ta-kwana a wajenmu shi ne wanda ya riga ya yi aikin ya fita, ana iya kiransa in ƙasa ta shiga wani hali. Amma a ce farar hula ya yi sati uku a filin makaranta ya zama soja na ranar Asabar, babu wannan. Sannan ka ja masa kunne kan kakin nan, laifi ne sa kayan da ya yi kama da na soja, in tsautsayi ya kai shi gaban barikin Ikeja ko na Ojo da shi a jikinsa, tsallen kwaɗo ne mafi sauƙin abin da zai same shi.

Ɗan Fage:
Hhhhh sati uku ai ko ɗaure igiyar but bai gama koya ba

Malam na Idi-Araba:
Ni ina ganin inda suke samun mutane, suna ɗauko tsarin wasu ƙasashe ne su yi talla da shi. Don a Amurka da gaske akwai, mutum yana aikin ofis ko tuƙin mota amma soja ne, yana zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da sati biyu a shekara, sai dai kafin nan ya yi cikakken horon kurtu kamar kowa, ana biyansa, kuma akwai dokar 1994 da ta tilasta wa ubangidansa ya mayar da shi bakin aiki in ya dawo. Da yawansu an kai su Iraƙi da Afganistan, wasu ba su dawo ba. Ingila ma suna da irinsa, yawancinsu kwana 27 ne mafi ƙaranci a shekara. To ka ga can gwamnati ce ke ba ka kuɗi, nan kai aka ce ka kawo. Ka sa yaron ya tambayi mutumin abu uku: wace doka ta kafa su, wa ke biyan alawus, in ya ji rauni a bakin aiki wa zai kai shi asibiti.

Yerwa Boy, Alaba Rago:
Kar kuma a haɗa kowa a zaga dan Allah. Mu a Maiduguri 2013 da gora da adda samari suka fito, su ne 'yan ƙato da gora da ake ce wa Civilian JTF, ba wanda ya sayar musu da fom, wuya ce ta kai bango, su suka san unguwa suka san fuskoki suna tsayawa a shinge tare da sojoji. Daga baya gwamnatin Borno ta horar da wasu ta sa musu alawus, wasu kuma an ɗauke su soja. Amma fa kaɗan ne aka ɗauka in ka duba yawansu, kuma ko waɗannan sai da aka tantance su aka yi musu horo. Na san gidaje da aka rasa mai gida a wannan aikin matan na nan ba fansho ba komai sai abin da aka taimaka musu da shi. Aikin sa-kai gaskiya ne, amma wanda ya shige shi don ya zama tsanin shiga soja zai daɗe yana jira.

Maman Walida:
Yaya ni dai abin da na gani yaron nan kaki yake so da tsari, in ka ce masa a'a kawai zai je ya ranto kuɗin a ɓoye. Ka nuna masa wata hanyar. Su Man O' War ai suna nan a fili, horo ne na tarbiyya da motsa jiki ba sa ce wa kowa shi soja ne. Zai rage zaman banza kafin a buɗe fom.

Malam na Idi-Araba:
Haka ne Hajiya. Kuma ana samun 'yan sa-kai su zama hukuma, sifil difens ɗin nan a Legas ta fara a 1967 lokacin yaƙin basasa, amma sai 2003 aka yi mata doka, sai 2007 aka ba su damar riƙe makami. Shekara nawa ke nan? Masu Agege kada su yi masa alkawarin abin da ba a hannunsu yake ba. Ko Askarawan Zamfara da na Katsina gwamnatin jiha ce ta kafa su take ɗaukar nauyinsu.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na nuna masa ya yi shiru yana ta ƙunƙuni. Baba Tsohon Soja, in zai nemi na gaskiyan me zai tanada? Ya gama sakandare amma takardunsa na gida.

Tsohon Soja, Apapa:
Sakamakon sakandare da Turanci a ciki, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN, sunan ya zama iri ɗaya a duka don nan ake zubar da yara da yawa. Tsawo kada ya gaza mita 1.68. Wanda ba shi da takardar shaidar ƙwarewa a wata sana'a daga shekara 18 zuwa 22 ake ɗauka, to a 21 ba shi da lokacin wasa. Kuma tantancewa a jiharsa ta asali za a yi ba a Legas ba, ka fara ajiye masa kuɗin mota daga cikin dubu 85 ɗin nan. Ya fara gudu da asuba tun yanzu, ɗaukar buhu ya ba shi ƙarfi amma numfashi daban ne.