Kyanwar da ba ta fita waje, tana bukatar maganin ƙuma da tsutsa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyanwata shekararta ɗaya, ba ta leƙa ko ƙofar gida, amma tana yawan susa, kuma na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin jelarta. Akwai ragowar maganin ƙuma na kare a gida, in shafa mata?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Kada ki kuskura. Da yawa daga cikin magungunan ƙuma na karnuka suna ɗauke da sinadarin permethrin, guba ne ga kyanwa, yana jawo karkarwa da farfaɗiya, har mutuwa. Abin da kika gani gaɓoɓin tsutsar ciki ce mai faɗi, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma lokacin lasar jiki take kamuwa. Maganinta praziquantel. Pyrantel, wani maganin tsutsar ciki, shi kaɗai ba ya kashe wannan nau'in. Amma in ba a kawar da ƙumar ba, tsutsar za ta dawo.

Anti Rabi: Zaman ɗaki ba ya hana ƙuma, takalmi da tufafi da ɓera duk suna shigo da ita. Ki taje bayan kyanwar a kan farin tishu mai danshi, in baƙaƙen ɗigon da suka zubo suka koma ja, kashin ƙuma ne. Sai ki nemi maganin ɗigawa na kyanwa, fipronil ko selamectin. Ki buɗe gashin ƙeyarta ki ɗiga a kan fata, ba kan gashi ba, inda harshenta ba zai kai ba. Kada ruwa ya taɓa ta na kwana 2. Ki riƙa ɗiga mata sau ɗaya a wata, aƙalla wata 3 a jere, domin ƙwai da 'ya'yan ƙuma suna ɓoye a kafet da kujeru, suna ci gaba da ƙyanƙyashewa. Nan ne mutane ke kuskure, su daina bayan wata ɗaya su ce maganin bai yi ba. Shimfiɗarta kuma a wanke da ruwan zafi duk mako.

Malam Sani: Na manta, a auna nauyinta tukuna. Ki hau sikeli da ita, ki sake hawa ke kaɗai, ki cire nauyinki daga na farko. Da kilo ake ƙayyade magani. Selamectin yana da ƙarin amfani, yana kare ta daga tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa. Ki kai kashinta wurin likitan dabbobi a duba ko da sau ɗaya a shekara, kwandon kashin kuma a kwashe shi kullum.