Neman kalmar Hausa ga “value bet” a wasan foka

Masu fassarar labaran waje a Kano kan ci karo da kalmomin wasan karta na foka, musamman idan ana maganar gasar duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970. Caca haramun ce, kuma Hisbah tana kama masu yin ta a jihar nan, amma hakan bai ɗauke wa mai fassara nauyin kiran abu da sunan da ya dace da shi ba.

Abin da kalmar “value bet” take nufi shi ne ɗan wasa ya zuba kuɗi alhali yana ganin katinsa ya fi na abokin karawarsa, da fatan wancan ya biya, wato shi ma ya zuba daidai kuɗin, da katin da bai kai nasa ba. Kishiyarta ita ce zubin da ake yi da kati marar ƙarfi don a razana mutum ya ajiye nasa, wanda babu musu cewa “zubin burga” ya wadatar da shi.

Wani malami ya kawo “zubin daraja”. Allah ya gafarta Malam, wannan bin kalma ne aka bar ma'ana, domin Bahaushe zai ɗauka ana nufin zubin da manyan mutane ke yi. An kuma kawo “zubin riba”, wanda ya fi kusa, sai dai mai burga ma ribar yake nema, saboda haka sunan bai raba su ba.

Ni “zubin tatsa” nake goyon baya, kuma hujjata tana cikin muhawarar da 'yan wasan kansu suke yi game da ƙananan teburori, inda zubin dole, wato wanda ake yi kafin a raba kati, yake dala 1 da dala 2. A irin waɗannan wurare mutane ba sa son ajiye kati, don haka burga ba ta cika ci ba, sai gardamar ta koma kan nawa za a zuba. A misali, idan aka zuba dala 20 aka biya sau 8 cikin 10, abin da ake samu a kowane zubi dala 16 ne, amma idan aka zuba 45 aka biya sau 5 kawai, an tashi da 22 da rabi. Aikin ke nan na mai tatsar saniya, wanda yake neman iyakar abin da za ta bayar ba tare da ta yi harbi ta tsere ba.

Akwai masu cewa “tatsa” tana da warin zalunci, kamar yadda ake cewa an tatsi talaka. Haka ne, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda kuɗin wani ake son kwashewa.

Saura nau'in da ake yi a zagayen ƙarshe da katin da fifikonsa kaɗan ne, wanda ba ya biyan bukata sai in mai zubin yana cin fiye da rabin lokutan da aka biya shi. Wannan ina ganin a ce masa “tatsa mai kasada”.