Sanƙarau da maganar "kashe kansu" a zauren ƴan Damagaram

Sani Zango: Salamu alaikum. Yau kwana 9 da muka binne ɗan yayata, yaro ɗan shekara 7. Da safe zazzaɓi, da azahar wuya ya sanƙare, kafin magariba wasu baƙaƙen tabo sun feso masa a ƙafafu kamar an yayyafa tawada. A kan kabu-kabu na rungume shi zuwa asibiti, hannuwansa sanyi ƙalau. An sa ruwa, an yi allurar seftiriyazon, bai kai asuba ba. Da na tsare likita sai ya ce maganin ya kama ƙwayar cutar, kumburi ne ya riga su, wai ƙwayoyin jikin yaron ne suka yi ta kashe kansu. Jiya kuma aka turo mini cewa tun 2020 aka gano wani tsohon magani, disulfiram, yana tsayar da abin. Don me ba a ba yaronmu ba? Ni dai na ce ɓoye mana ake yi don mu talakawa ne.

Malam Habu: Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Amma Sani ka janye kalmar nan ta "kashe kansu". Yaron da alƙalami bai hau kansa ba za a jingina wa kisan kai? Ajali ne ya zo.

Majo Hadiza: Allah gafarta Malam, ba yaron ake nufi ba. Cikin jini akwai ƙwayoyin halitta masu gadi. In ƙwayar cuta ko dafinta ya kutsa cikin ɗaya, sai wani sinadari mai suna kasfes ya yanka wani furotin, gasdamin D, gida biyu. Rabin gaban ya je ya huhhuda fatar ƙwayar daga ciki, ta kumbura ta fashe, ta zubo wani sinadari, intalukin-1, mai kiran sauran masu gadi, shi ne ma ke tada zazzaɓi. Kamar mai gadin da ya cinna wa rumfarsa wuta don unguwa ta farka. In rumfa ɗaya ce, an tsira. In duk rumfunan gari suka kama lokaci guda, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya.

Malam Habu: To ai kin faɗa da bakinki, Hajiya. Wani abu ne ya yanka, wani ya huda. Wanda aka huda ba shi ya kashe kansa ba, kashe shi aka yi.

Laminu ɗan jami'a: Malam, mai yankan da mai hudar duk a cikin ƙwayar suke, ita ta ƙera su. Masana sun raɗa wa abin suna fairoftosis a 2001, daga kalmar Girka mai nufin wuta, suna nazarin Salmonela, dangin mai kawo taifot. A 2015 ne ƙungiyar Feng Shao a Beijin da ta Vishva Dixit a Amurka suka nuna gasdamin D ne mai aikin.

Malam Habu: Ita ta ƙera su? Subhanallahi. Yanzu kuma ƙwaya ce mai halitta?

Laminu ɗan jami'a: Ban ce halitta ba, na ce ƙira. Maƙeri ma ƙira yake yi.

Alhaji Mamman Birni: Laminu ka iya bakinka. Malam ya yi sa'an mahaifinka.

Isufu Tela: Alhaji kai kullum bayan Malam kake bi don surukinka ne. Ranar da ake maganar kuɗin famfo ma haka ka yi.

Alhaji Mamman Birni: Kuɗin famfo na nan a rubuce, wanda bai ba da jikarsa biyu ba ya san kansa.

Sani Zango: Jama'a ni maganar magani na kawo.

Majo Hadiza: Sani ƙanena, ka saurare ni. Aikin 2020 ɗin gaskiya ne, su Judy Lieberman da Hao Wu suka yi shi a Boston. Sun ga disulfiram na hana gasdamin D yin huda, kuma ɓerayen da aka ba shi sun fi jure dafin ƙwayar cuta. Ɓeraye fa. Babu ƙasar da ake ba mai sanƙarau shi, ko a Faransa. Kuma an sha ganin haka: Xigris, maganin gubar jini mai tsadar gaske, an amince da shi a 2001, aka janye shi a 2011 da babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. Sannan toshe hudar nan ba ƙaramin haɗari ba ne. Shigela, ƙwayar cutar da ke kawo atuni, tana da nata furotin na kashe wannan wuta don ta samu wurin ɓuya. In ka kashe mata wutar da hannunka, ka yi mata aiki. Wallahi na san zafin da kake ji, na riƙe irin yaran nan a hannuna.

Isufu Tela: Tsaya, disulfiram ɗin nan ba shi ne wanda ake ba mashaya don su bar giya ba?

Laminu ɗan jami'a: Shi ne, tun wajajen 1950.

Malam Habu: Kun ji ko. Maganin mashaya za a ɗura wa ɗan musulmi.

Majo Hadiza: Babu giya a cikinsa, Malam. Wanda ya sha shi ya sha giya sai ya yi ta amai, shi ya sa ake ba su.

Inna Rabi: Ni ban san boko ba. Na dai san bara waccan a wajen su Dungas gida nawa aka yi zaman makoki. Da hunturu ya kama sai gabana ya riƙa faɗuwa.

Laminu ɗan jami'a: Inna, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, 18 suka rasu.

Isufu Tela: 18 kawai? Wanda ya mutu a ƙauye kafin amalanke ta kai shi, wa ya ƙirga shi?

Majo Hadiza: Sani, duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan nan kada a jira wuya ya sanƙare, a kawo shi nan take, ko tsakar dare ne.

Alhaji Mamman Birni: To, a matsayina na mai kula da zaure ga abin da aka tsayar. An yarda cewa kalmar "kashe kansu" ba ta dace ba, kamar yadda Malam ya nuna tun farko, ita kanta Majo ta ce huda ake yi. An kuma tabbatar maganin na mashaya ne da ɓeraye, bai shafe mu ba. Laminu zai ba Malam haƙuri. Masu bashin famfo su same ni a shago kafin Juma'a. Na rufe zaure sai bayan isha'i.